Direban Da Aka Hana Saukowa Daga Mota

Akwai wani direba a garinmu Coyhaique, can kudancin duniya inda watan Yuli ne tsakiyar hunturu, sunansa Don Baudilio Cárcamo. Ma'aikacin hukumar gari ne, shi ke tuƙa motar share dusar ƙanƙara, mai ƙaton farantin ƙarfe a gaba. Duk wanda ya taɓa cin sanyin Yuli a garin nan ya san ƙarar motarsa.

Kun dai san halin motar nan. Tana buɗe titi, amma abin da ta kwaso sai ta ture shi gefe, ta gina wa mutum katanga a bakin ƙofa. Mai ƙarfi zai fito da shebur ya buɗe abinsa yana ƙunƙuni. Tsoho da mara lafiya kuwa sai dai leƙe ta taga.

Wannan ne Don Baudilio ya kasa jurewa. Duk gidan da ya san akwai tsoho, ko mai juna biyu, ko wanda ba ya iya tashi, sai ya taka birki, ya sauko da shebur ɗinsa, ya buɗe musu ƙofa. Babu wanda ya sa shi, kuma ba ya cikin aikinsa. Shekara da shekaru haka yake yi.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Nibaldo, matashin da ke tuƙa motar watsa gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara. Ba a watsa gishiri sai an share titi, don haka dole ya bi bayan tsohon. In tsoho ya tsaya, shi ma ya tsaya.

Sai ka ji shi a oba-oba: "Tsoho, wai kai direba ne ko ɗan aiken unguwa? Wata kaka mai sanda ta wuce mu ɗazu, ta ce in gaishe ka."

Don Baudilio ya ce, "Sha shayin mate ɗinka, yaro. Kafin ya huce na dawo."

To, Don Baudilio na da 'ya guda ɗaya tilo, Yasna, kuma an sa ranar aurenta. Angon a jirgin ruwa yake aiki, washegarin biki zai koma teku, sai bayan watanni. Ba halin ɗagawa ke nan. Ita kuwa Yasna tun tuni ta kafa sharaɗinta.

"Baba, ba zan taka ƙofar coci ba sai hannuna na cikin naka. In ba ka zo ba, a ci rago a watse."

Ana gobe biki, sama ta ɓalle. Iska da ƙanƙara suka kwana suna dukan gari. Da gari ya waye turakun wuta sun kwanta, famfo ya daskare, motoci sun nutse har gilashi.

Hukumar gari ta soke hutun kowa. Masu gyaran wuta suka hau turaku, 'yan kwana-kwana suka shiga sare bishiyoyin da suka tare hanya, aka buɗe zauren wasanni don waɗanda gidajensu ba ɗumi. Shugabar sashe, Señora Maritza, ta kira Don Baudilio gefe.

"Na san ranar mece ce yau, kuma raina bai so ba. Amma unguwannin tudu a rufe suke, motar asibiti ta kasa hawa. Ka buɗe min su, ka wuce wajen 'yarka. Ni ma ina nan tafe cin rago."

Bai yi musu ba. Sai dai ya san kansa. Da irin tafiyarsa, unguwannin tudu kan kai shi faɗuwar rana, ga ɗaurin aure da yamma, kuma fada, limamin coci, ba zai iya dogon jira ba, don akwai marasa lafiya da zai zagaya. Ya sa farar shat ɗin biki a ƙarƙashin rigar aiki, ya hau mota.

Ranar Nibaldo bai yi zolaya ba. Ya ce, "Don Baudilio, yau ɗaya dai kar ka sauka. Na roƙe ka. 'Yarka ce fa."

Tsoho ya ce to. Ya daure ya share titin farko bai kalli ko gefe ba. A na biyu ne suka zo gidan Doña Uberlinda, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, wadda maƙwabta ke kai wa abinci. Motar ta wuce, ta bar mata tudun ƙanƙara har ƙugu. Ya ɗan yi gaba. Sai birki.

Nibaldo ya dafe kai. "Shi ke nan, aure ya tafi!"

Don Baudilio ya ce, "Yasna za ta yi fushi, ta huce. Wannan in na rufe ta, wa zai kai mata miya?"

Yana cikin haƙa, Doña Uberlinda ta buɗe taga, ta shaƙi iska.

"Baudilio, tun yaushe ake fesa wa ƙanƙara turare? Kuma farar shat ɗin mece ce nake hangowa a wuyanka?"

Ya yi ta kame-kame. Nibaldo ne ya leƙo ya fasa ƙwai: "Iya, 'yarsa ake aurarwa yau, ga shi nan yana yi miki shara!"

Tsohuwa ta rufe taga. Don Baudilio ya ɗauka haushi ta ji. Ashe waya ta ɗauka, ta kira gidan rediyon gari, shirin saƙonnin nan da ake sanar da ɓatan doki da zuwan baƙi. A rana irin wannan kowa na gefen murhu da rediyo mai batir, don haka gari kaf ya ji:

"Saƙo daga Doña Uberlinda zuwa unguwannin tudu. Yau ake auren 'yar Baudilio mai motar ƙanƙara. Duk wanda ya taɓa buɗe wa ƙofa, ko ya buɗe wa uwarsa, ya fito da shebur. Kar a bar shi ya sauko."

Nibaldo ya ji a rediyon motarsa. Shi kuwa tsoho bai san wainar da ake toyawa ba.

Yana shan kwana zuwa titi na gaba, sai ya ga mutane jere dama da hagu. Maza, mata, har da wani kaka lulluɓe da bargo. Mai shebur da shebur, wanda ba shi da shi ya ɗauko murfin tukunya. Ni mai ba ku labarin nan ina cikinsu, da shebur ɗin aro wanda ƙotarsa ke girgiɗi.

Da ya zo gidan wani tsoho ya buɗe ƙofar mota, sai titi ya ɗauka baki ɗaya: "Koma! Koma ciki!"

"Jama'a, ƙofar Don Celso ce kawai zan..."

"Mun ce koma! Uban amarya ba ya haƙa yau!"

Motar na wucewa, mu kuma mu faɗa wa tudun da ta bari. Aka riƙa miƙa masa ƙoƙon mate da soyayyen burodi mai zafi ta taga. Daga wannan titi zuwa wancan haka abin yake, mutane na jiransa tun kafin ya iso. Na ga Don Baudilio na share ido da bayan hannu. Daga baya ya ce wai iska ce, amma a lokacin gilashin motarsa a rufe yake.

Rana ba ta yi nisa da karkatawa ba aka ji jiniyar motar asibiti tana hawa tudu. Señora Maritza ta yi magana a oba-oba: "Hanya ta buɗe. Don Baudilio, ka ɓace min da gani!"

Motar da aka yi wa ado don amarya ta ƙi tashi saboda sanyi. Yasna ba ta damu ba. Ta tattare farar rigarta, ta zura takalman roba, ta haye motar ƙanƙara kusa da babanta. Muka bi su a ƙafa da shebur a kafaɗa, wani na kiɗa da akodiyon, Nibaldo na danna ham kamar nasa auren.

Suka tsaya a gaban coci. Kuma kun san halin motar nan: ta gina katanga daidai ƙofar shiga. Don Baudilio ya sauko, hannunsa ya tafi wajen shebur kamar kullum. Sai ya ji an riƙe ƙotar.

Nibaldo ne. Ya ce, "Tsoho, riƙe hannun 'yarka. Wannan ƙofar tawa ce."

Ya duƙa ya haƙa har gumi ya keto masa cikin wannan sanyi. Don Baudilio ya tuɓe rigar aiki, farar shat ta fito, ya shiga coci da takalman aiki, hannun Yasna a cikin nasa.

Rago ɗaya aka gasa don bikin, ga unguwanni sun taho gaba ɗaya. Kowa ya koma gida ya ɗauko tukunyarsa, aka ci aka yi rawa har ƙafa ta gaji. Tun daga ranar, in ka leƙa bayan motar gishiri za ka ga shebur a ɗaure, kuma yanzu Don Baudilio ne ke yi wa Nibaldo tsiyar ɓata lokaci.

Darasi: Alherin da kake yi ba wanda ya sa ka, kana ganin ba wanda ya lura, mutane na gani, kuma ba sa mantawa. Ranar da ka fi bukata za ka tarar da su tsaye a bakin hanyarka. Ka tura wa wani labarin nan, musamman ma'aikacin da ke fita cikin sanyi don mu zauna cikin ɗumi.