Gonar da Aka Noma a Jikin Bango

Akwai wani mai zane a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, sunansa Sha'ibu, a shekarun nan da sojoji ke riƙe da ƙasa, sama kuma ta riƙe ruwanta. Sana'arsa zane a bayan manyan motoci da allunan kantuna. Zaki ne, dabino ne, jirgin sama ne, duk a kansa suke, ba ya ko ɗaga ido ya dubi wani abu kafin ya zana. Yana ji da kansa kuwa, ba kaɗan ba.

To, sai fari ya zo ya miƙe ƙafa. Aka rufe iyaka, motoci suka yi cirko-cirko a tasha, 'yan waɗanda ke motsi kuma hatsin taimako suke ɗauka. Wa zai ce a zana masa zaki alhali ba a ɗora tukunya a gidansa ba? Sha'ibu ya koma zaman rumfa, yana kallon fenti na bushewa cikin gwangwani. Ya gaji da zama, ya gaji da jira.

Ana nan sai Alhaji Maliki, wani attajiri a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, ya aika a kira shi.

Alhaji yana da uwa tsohuwa, Iya Tsahara, shi ne autanta kuma shi kaɗai ya rage mata. Da yunwa ta watsa mutanen ƙauye, ya je ƙauyensu Jiratawa ya ɗauko ta, ba da son ranta ba. Ya ba ta ɗaki mai fanka da katifa da masu hidima, ya koma kan harkokinsa. Kullum da safe yakan leƙo daga bakin ƙofa ya gaishe ta a tsaye, ya wuce.

Ita kuwa tsohuwa sai ta daina cin abinci. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta juya fuska ga bango, ta yi shiru. A kawo tuwo, a ɗauke tuwo. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba, amma idan ta ci gaba a haka ba za ta kai damina ba.

Alhaji ya ce wa Sha'ibu, "Gonarta take bege. Tunda bangon ga take kallo, ka zana mata gona a kai. Ka yi ta kore shar, ka yi sauri."

Sha'ibu ya ce, "Wanga ai ba aiki ba ne, Alhaji."

Ya dai hau keke ya je Jiratawa don a ce ya je. Aka nuna masa gonar. Rairayi ne kawai da kututturen itace, ko tsuntsu babu. Ya tsaya jim, ya share gumi, ya juyo. Ya ce a ransa abin da ke kansa ya fi wannan.

Nan da nan ya cika bango da kore. Ga gero ya yi zangarniya, ga ƙorama, ga dabino jere, har da wata barewa tana shan ruwa. Matan gida suka taru suna tafa hannu.

Iya Tsahara ta ɗaga ido ta duba. Da ƙyar muryarta ta fita.

"Gonar wa ce wagga?"

"Taki ce, Iya."

"Ni ban taɓa noma dabino ba."

Ta ja tabarmarta ta koma fuskantar wani bangon.

Ran Sha'ibu ya ɓaci ƙwarai. Shi da direbobi ke layi a kansa, yau tsohuwar ƙauye ce za ta raina masa hannu? Ya so ya tattara gwangwanayensa ya tafi, sai dai ya tuna gida ba komai. Ya haɗiye fushi, ya shafe bangon da farar ƙasa. Da ya bushe ya tsuguna yana haɗa launin ƙasa, yana ƙunƙuni.

Sai ya ji murya a bayansa. "Ta yi ja da yawa. Ƙasarmu ta bakin gulbi ce, baƙi-baƙi take."

Ya waiwaya. Ba ta ko juyo ba sosai, da gefen ido take kallo. Ya ƙara baƙi. Ta ce ya yi yawa. Ya rage. Ta ce to.

Daga nan aiki ya koma wani iri. Ita ke faɗa, shi ke zanawa. Ta ce akwai suri a kusurwar yamma, ya sa suri. Ta ce akwai 'yar hanyar da awaki suka fitar, ya fitar da ita. Inda ta manta, sai ya rufe ido ya ƙaga, in ya dace ta gyaɗa kai, in bai dace ba ta yi tsaki. Wata rana har ya fita bayan gari ya tsaya yana kallon yadda inuwar itace ke kwanciya da hantsi, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kama sana'a.

Ran nan rana ta take, yana tsaye yana fama da kunyoyin gona, sai ta ƙwala wa matan gida kira.

"Ku wace irin tarbiyya gare ku? Mutum na aiki a gonata tun safe, ba wanda ya kawo mishi hura?"

Aka kawo. Ta leƙa ƙwaryar ta ce wannan ba damu ba ne. Tsohuwar da aka yi tsammanin ba ta iya tashi ta miƙe zaune, ta karɓi ludayi, ta dama da hannunta. A Jiratawa ba a taɓa cewa mai aiki ya bar gonar Tsahara da yunwa ba, kuma ba za a fara a kanta yanzu ba.

Sha'ibu ya karɓa, sai ya tsaya. Ya ce, "Iya, ni ba ni sha sai mai gona ta sa baki."

Ta harare shi. Ta kai ludayi baki. Ta ƙara.

Tun daga ranar, kullum sai ta dama, kullum sai sun sha tare.

Sai dai akwai tsamiya. Ita ce ta kusa kashe Sha'ibu da gajiya. Yau Iya ta ce a gabas take, ya zana ta, reshe da ganye. Gobe ta ce a'a, tsakiyar gona take. Ya shafe, ya sake. Jibi ta ce wa ya ce a sa ta nan? Kafaɗarsa ta riƙe, fentinsa ya kusa ƙarewa, bango ya yi kauri da shafe-shafe. Wani abokinsa ya zo ya ce ana neman masu zanen alluna don bikin sojoji, a zo a rubuta suna. Sha'ibu ya kalli tsohuwar da ta fara cika ƙwarya da kanta. Ya ce wa abokin ya je, shi yana da sauran aiki.

Ni dai da ni ne, wallahi da na tafi. Shi bai tafi ba. Ya ɗauki burushi ya sake shafe tsamiya.

Alhaji Maliki kuwa haƙurinsa ya ƙare. Aikin da ya ce a yi da sauri ya ci makonni. Rannan ya shigo tsakar gidan da babbar rigarsa ta shadda, makullin mota a hannu, niyyarsa ya sallami mai zane.

"Kai Sha'ibu, wasa kake da ni? Mi ya hana..."

Sai idonsa ya faɗa kan bangon. Ya ga surin. Ya ga hanyar awaki. Ya ga ƙasar nan baƙi-baƙi da ya yi rarrafe a kanta. Ya matso a hankali har ya kusa taɓa bangon.

Can ya nuna da yatsa. Muryarsa ta canza.

"Inna, tsamiyar ga ba nan take ba. Kudu take, bakin rijiya. Nan kike kwantar da ni in kina noma."

Iya Tsahara ta ajiye ludayi.

"Na sani, Auta. Ni da na yi shekaru ina shan inuwarta zan manta inda take? Yawo nike ta yi da ita, ko za ka shigo ka ce mini ba nan ba ne."

Alhaji ya dubi uwarsa, ya ga yadda wuyanta ya rame, ya ga ashe tun da ya kawo ta bai taɓa zama kusa da ita ba. Kunya ta kama shi, hawaye suka zubo. Ya tattare shaddarsa ya zauna a ƙasa, gefen tabarma. Ta miƙa masa ƙwarya.

Sha'ibu ya juya musu baya, ya tsoma burushi, ya fara zana tsamiya a kudu, bakin rijiya. Wannan karon ba wanda ya ce a shafe.

Iya Tsahara ta kai damina, ta wuce ta. Sha'ibu kuma, da motoci suka dawo hanya, direbobi suka riƙa nemansa har daga garin Tsibiri, don an ce shi ne mai zanen da yake fara tambayar mutum garinsu kafin ya buɗe gwangwani.

Darasi: Ɗaki mai kyau da abinci mai daɗi ba su isa su riƙe ran tsoho ba. Iyayenmu suna son a zauna kusa da su, a saurare su, su ji har yanzu ana bukatarsu. Kuma duk gwanintarka, ka yi haƙuri ka ji abin da ke zuciyar wanda kake yi wa aiki. In naka suna raye, je ka zauna yau, kada ka gaishe su a tsaye. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda ake jira ya shigo.