Amaryar da Ta Ɓace a Jikin Labule

Ko da zan rantse muku sau goma, na san akwai waɗanda ba za su yarda da labarin nan ba. Ku dai gyara zama ku ji.

Akwai wata budurwa da kowa ke kira Auta, domin ita ce ƙarama a ɗakinsu. Auta tana da hannu mai kyau da kai mai ja, sai dai Allah ya haɗa ta da cika baki da tsokana. Idan ta ga ɓera a kicin, kafin labarin ya kai ƙofar gida ya zama kura. Ita ce ta taɓa ɗinke aljihun wandon mijin yayarta, bawan Allah ya shiga mota ya yi ta laluben kuɗi har aka sauke shi a hanya. Makaranta kuwa saura shekara ɗaya ta gama ta ajiye, wai malamai sun ƙarar da abin da suka sani, ta ga sun fara maimaici.

Shekara uku ke nan tana aiki a wani shagon ɗinkin labule. Ita ke awo, ita ke yanka, ita ke bin dogon layi da keke daga safe har yamma. Matar da ke da shagon dattijuwa ce mai gilashi a kan hanci, ba ta da yawan magana, kuma ko gidan suna za ta je tef ɗin awo na cikin jakarta. Ta yarda da Auta har ta daina duba awonta.

Da aka sa ranar auren Auta da wani saurayi mai gyaran wutar lantarki, sai Inna ta kira ta ɗaki. Ta buɗe leda ta fito da yadin auduga shuɗi mai haske, marar ado.

"Ga abin da ƙarfinmu ya kai," in ji Inna. "Sauran kuɗin sun tafi wajen katifa da tukwane. Yayarki za ta ɗinka miki."

Auta ta ɗaga yadin da yatsu biyu kamar ta tsinci tsumma. "Haba Inna! Wannan ai kayan ma'aikatan asibiti ne. Mutane za su ɗauka allura na zo yi musu."

"To ki yi musu," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ki fara da bakinki."

Abin da ya hana Auta sakat shi ne ta riga ta yi ɓarin baki. Tun watanni biyu da suka wuce ta faɗa wa ƙawayenta cewa rigarta daga ƙasar waje za a aiko da ita, a jirgi, cikin akwatinta ita kaɗai. Akwai wata a cikinsu da ake kira Doguwa, wadda ba ta manta magana. Duk inda suka haɗu sai ta ce, "Amarya, jirgin bai sauka ba ne?"

Ango kuwa babu ruwansa. Ya ja wa wani sabon ɗakin taro wayoyin wuta, mai wurin ya ji daɗin aikin ya ce ya ba shi ɗakin kyauta ranar liyafarsa. Da ya kai Auta ta gani, sai ta taɓe baki.

"Wuri tsirara haka? Ko labule babu."

"Za a sa kafin ranar," ya ce. "Ke kuma ko buhu kika saka, ni dai ke na zo ɗauka."

"Buhu? Za ka ga buhu."

Saura mako uku biki, sai wani mai ƙawata ɗakunan taro ya kawo aiki shago. Bandir guda ne na yadi ruwan zuma, da zanen ganye na azurfa da ke walƙiya in haske ya taɓa shi. Labule ashirin da huɗu yake so. Ya ajiye takardar awo ya tafi, bai faɗi inda za a rataya su ba, ba wanda kuma ya tambaye shi.

Auta ta shafa yadin. Lissafin da ya gagare ta a makaranta sai ga shi ya zo mata da gudu. Idan ta rage taƙi ɗaya kacal daga tsawon kowane labule, wa zai lura? Wa ke durƙusawa ya duba gindin labule? Taƙi ashirin da huɗu kuwa ya haura yadi biyar, kuma zai rage ne a dunƙule a ƙarshen bandir. Riga har da ɗankwali.

Haka ta yi. Da rana tsaka, lokacin da mai shago ta tafi cin abinci, Auta ta yanka labulen a gajarce, ta naɗe ragowar ta cusa ƙarƙashin kwanon abincinta.

A gida ta ce wata ƙawarta ce ta aiko da shi daga waje, telan can ya yi tsada shi ya sa aka turo yadin kawai. Inna ta murza shi tsakanin yatsunta.

"Wannan yadi da nauyi yake kamar bargo. Mutanen can ba sa jin zafi ne?"

"Inna, tsada ce ke da nauyi."

Inna ta miƙa mata yadinta. Yaya dai ta ɗinka shuɗiyar rigar ta goge ta, ta ce ko don zaman gida.

A nan kam dole a yaba wa Auta. Kwana tara tana kan keken Yaya da zarar ta dawo daga aiki. Ta yanka yadin yadda ganyen azurfa ya haɗu da ɗan'uwansa a kowane ɗinki, har ba ka gane inda aka haɗa. Ta yi wa hannun tattara, ta yi wa wuyan lanƙwasa, ta sa shafi mai laushi a ciki don kada ya ci mata jiki. Da ta gwada, Yaya ta riƙe baki ta ce, "Ke, 'yar nan, ashe ba ƙarya kaɗai kika iya ba."

Ranar liyafa aka kawo amarya a mota. Tun daga bakin ƙofa mata suka fara kallo. Doguwa ta zagaya ta sau biyu. Auta ta ɗaga kai sama ta ce, "Jirgin ya sauka, ko kina da sauran tambaya?"

Sai aka buɗe ƙofar ɗakin taro.

Daga wannan bango zuwa wancan, daga sama har kusa da ƙasa, labule ne ruwan zuma mai ganyen azurfa. Ashirin da huɗu cif. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. An jera tukwanen furanni a gindinsu don a ɓoye wani abu, amma duk da haka kana hango farin bango taƙi guda a ƙasan kowanne, kamar yaron da wandonsa ya yi masa kaɗan.

Auta ta so ta juya, amma mutane sun cika bayanta, ango kuma yana riƙe da hannunta yana murmushi. Aka kai su kujerarsu, wadda aka ajiye daidai gaban labule mafi faɗi.

Mai hoto ne ya fara tona ta, kuma ba da mugunta ba. Ya durƙusa, ya miƙe, ya matsa hagu, ya goge gilashin na'urarsa da gefen riga.

"Amarya, don Allah ɗan matso gaba. Kanki da hannuwanki kawai nake gani, sauran jikin ya shige bango."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya a baya. Sai Doguwa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ikon Allah! Ashe tagogin ma a jirgi ɗaya aka kawo musu nasu!"

Ɗaki ya ɗauka. Wata tsohuwa mai raunin ido ta zo gaisawa, ta kama gefen rigar amarya tana ja, wai tana son a buɗe taga iska ta shigo. Gumi ya jiƙe Auta sharkaf, rabi na nauyin yadi, rabi na kunya.

Amma ba dariyar ce ta fi tsorata ta ba. A layi na biyu ta hango mai shago zaune, gilashi a kan hanci, tana duban gindin labule, tana duban riga, tana sake duban gindin labule. Ita kaɗai ce ba ta dariya. Can ta taso a hankali, ta sunkuya kusa da kunnen Auta.

"Zo ki raka ni ɗakin baya, 'yata."

A ɗakin baya, tsakanin kujerun da aka tara da kwalayen kofuna, mai shago ta zauna ta ɗora jakarta a cinya. Inna da Yaya suka biyo su suka rufe ƙofa.

"Yau da safe mai ƙawata ɗakin nan ya kira ni," in ji ta. "Shekara goma sha ɗaya yana kawo min aiki. Ya ce na ci masa yadi, kuma ba zai sake taka shagona ba. Na rantse masa cewa yarinyar da ke min awo ba ta kuskure. Ashe gaskiya na faɗa. Ba kuskure kika yi ba."

Auta ta buɗe baki. Ƙarya uku suka taso mata a lokaci guda, kowace da ƙafafunta. Sai ta dubi Inna, ta ga idanunta sun kawo ruwa. Duk ukun suka koma.

"Ni na rage, Hajiya. Taƙi ɗaya a kowanne. Na ji kunyar a ce ba mu da shi ne."

"Yanzu fa? Kunyar ta ragu?"

Auta ta sunkuyar da kai tana hawaye.

Mai shago ta miƙa hannu ta kama bakin rigar, ta juya cikinsa waje. Ta gyara gilashi. Ta bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga ƙasa har hammata, ta duba yadda ganye ya haɗu da ganye.

"Wane tela ya yi wannan?"

"Ni ce."

"Auta, yau ba ranar ƙarya ba ce."

"Wallahi ita ce," in ji Yaya. "A kan kekena, ina kallo."

Mai shago ta girgiza kai.

"Shekara uku kina bin miƙaƙƙen layi a shagona, kina cika mana kunne da jirage da ƙasashen waje. Abu ɗaya da kike da shi na gaske, wanda ya isa ki yi taƙama da shi, shi kika ɓoye kika ce wani ne ya yi." Ta saki rigar. "To ji nan. Rigar nan yadin da aka ba ni amana ce, a shago za ta kwana. Hutun mako biyu da na ba ki na janye. Jibi za ki je da ƙafarki ki gaya wa mutumin nan abin da kika yi, ki wanke sunana. Sannan ki sauke labulen nan duka, ki ƙara wa kowanne baki, ki mayar. Kin yarda, ko in nemi wata?"

"Na yarda, Hajiya."

Yaya ta zuge jakarta ta fito da shuɗiyar rigar a ninke. "Na san halin ƙanwata, shi ya sa ban baro ta a gida ba. Zo ki saka kayan asibitinki."

Da Auta ta fito cikin shuɗiyar riga, iska ta ratsa ta, ta ji kamar an sauke mata buhun siminti. A gaban labulen ruwan zuma, shuɗin ya fito fes. Mai hoto ya yi tsalle ya ce, "Yauwa! Yanzu na ga amarya!" Ango ya matso ya raɗa mata, "Ɗazu na rasa wanda zan kai gida, ke ko tagar." Ta harare shi, sai kuma dariya ta ƙwace mata. Ta karɓi abin magana ta ce wa jama'a rigar farko labule ce, ita ta ɗinka, kuma jirgin da ya kawo ta keken Yaya ne. Aka yi dariya har da tafi. Doguwa ta jira ta sami abin ƙarawa, ta ga an riga ta.

Ranar da aka ce, Auta ta je ta tsaya gaban mai ƙawata ɗakuna ta faɗi laifinta. Ya wanke ta tas, ta shanye. Kwana takwas tana hawa tsani tana sauka, tana ƙara wa labule baki da yadi ruwan ƙasa, allura ta huda mata yatsu har ta daina ƙirgawa. Da mutumin ya ga aikin ya ce sun fi kyau a haka, ya dawo da cinikinsa.

Rigar kuwa mai shago ta rataye ta a gaban shago. Wata rana wata budurwa ta shigo da mahaifiyarta, tana riƙe da 'yar ƙaramar jaka gam a ƙirji. Ta tsaya gaban rigar tana kallonta.

"Wannan daga waje aka kawo ta, ko? Na san ta fi ƙarfinmu."

Bakin Auta ya buɗe da kansa, har jirgin ya kama hanyar fitowa. Mai shago ta yi gyaran murya daga bayan keke.

"Ni na ɗinka," in ji Auta. "Yadin labule ne. Zauna, ƙanwata, nuna min abin da kika zo da shi. Za mu fitar da ke kunya da shi."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rashin kuɗi ba abin kunya ba ne, amma ɗaukar abin wani don a rufe rashin, shi ne ke jawo kunyar gaske, kuma yakan tona mutum a ranar da ya fi son a gan shi da kyau. Duk mai shirin aure ta sa abin da ƙarfin gidansu ya kai, ta sa shi da sakin fuska. Kuma kafin mutum ya ƙirƙiro abin taƙama na ƙarya, ya fara duba hannunsa, domin sau da yawa abin da Allah ya ba shi na gaske ya fi wanda yake ƙaryar yana da shi.