Cikin Bushira da Allurar Tukur

Akwai wata mata a wani ƙauye cikin fadamar Auyo, sunanta Bushira. Mijinta Haladu manomin shinkafa ne, kuma ɗan gwaggonta ne. Gwaggon, Gumsu, gida ɗaya suke zaune da ita.

Shekarar da ruwa ya ci gonaki, zazzaɓi ya kwantar da rabin ƙauyen. Bushira ta yi ta amai. Gumsu ta dube ta sau ɗaya ta rangaɗa guɗa, ta ce ciki ne. Daga ranar ta fara ƙirga watanni, ta kuma aika wa dangi albishir.

Kun san al'adarmu game da cikin fari. Mace ba ta ambatonsa. Ko an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai, balle a gaban suruka. Don haka Bushira ba ta musa ba.

Ba a kai ta awo ba. Da farko ruwa ya yanke hanya, ba a fita sai da kwalekwale. Da ya janye kuma, Gumsu ta ce ita ta haifi tara ba wanda ya taɓa auna ta.

Da lissafin Gumsu ya kai wata takwas, mata suka fara tsokana a bakin famfo, ganin cikin bai girma ba.

"Bushira, wannan ciki ne ko ƙoshin tuwo?"

Ana dariya, amma da Haladu ya ji, bai yi ba. Tsoro ya kama shi. Ya sa uwarsa da matarsa a mota suka nufi Haɗeja, zuwa wani shagon hoton ciki da ke cikin wani lungu.

Mai shagon sunansa Tukur, yana sanye da farar riga. Kowa Dakta yake ce masa. Ni ba zan ce ba. Na daɗe ina koyarwa, na san ba a samun wannan suna sai an ci jarrabawarsa, kuma har yau ban gamu da wanda ya ga takardar Tukur ba.

Bushira ta kwanta a benci. Tukur bai ko dubi fuskarta ba.

"Wata nawa?"

"Takwas cif," in ji Gumsu.

Ya goga na'urar a cikinta, ya yi tsaki, ya girgiza kai.

"Wannan ɗa bai girma ba. Girmansa na wata shida ne da ɗan ɗoriya. Kai, kai da ita 'yan uwa ne?"

"'Yar kawuna ce," in ji Haladu.

"Shi ke nan! Cutar gado ce. Ku mutanen ƙauye ba kwa jin magana, sai auren gida."

Labule ne kawai tsakaninsu da matan da ke layi. Duk suna ji.

Haladu ya ce, "Zai rayu?"

"Ko ya rayu, Allah kaɗai ya san abin da za a haifa muku. Amma akwai gwaji. Zan soka allura in zuƙo ruwan da yake kwance a ciki, in aika a duba ƙwayoyin gadonsa. Yanzu ma za a yi."

Ya ciro wata doguwar allura. Gumsu ta fara salati. Daidai nan jaririn ya motsa, Bushira ta ji shi ƙarƙashin tafin hannunta. Ta juya fuskarta bango.

"Yaya," ta ce wa Haladu a hankali, "lissafin ba haka yake ba."

"Me kika ce?"

"Bayan aman nan na yi fashin salla. Har sau biyu."

Gumsu ta kama baki. "Ke! A gabana kike wannan magana?"

Tukur ya yi dariya. "Malama, kwanta. Na'urar nan daga waje aka kawo ta. Ita da ke, wa zan gaskata?"

Ku tsaya nan, masu karatu. Na'urar da yake taƙama da ita ta ce wata shida da ɗoriya. Bushira ta ce a cire biyu daga takwas. Ɗan aji biyu zai gaya muku maganarsu ɗaya ce. Girman kai ne ya hana babban mutum yin wannan ragi, ga allura a hannunsa, ga rai biyu a kan benci.

Haladu ya riƙe masa hannu. "Malam, ajiye allurar nan. Bushira, tashi."

"Za ku dawo kuna kuka," in ji Tukur.

Kafin su isa gida, labari ya riga su. Mata suka fara shigowa jaje, alhali ɗa yana motsi a ciki. Gumsu ta ce a danginsu ba a taɓa haihuwar nakasasshe ba, sai dai a bincika wajen uwar Bushira. Ita kuwa Bushira abinci ya daina wucewa. Hannunta kullum a ciki. In jaririn ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ta saki muciya ta zauna daɓas, ba ta ko numfashin kirki sai ya shure ta.

Haladu ya bar shinkafar rani a hannun maƙwabci, ya kai ta babban asibiti. Daga can aka tura su Kano, wajen wata likitar mata, Dakta Ramatu.

Abin da ta fara yi shi ne ta ce, "Gwaggo, ke da maigida ku ɗan ba mu wuri." Ta rufe ƙofa, ta jawo kujera.

"Ƙanwata, babu suruka a nan. Gaya mini yadda aka yi."

Bushira ta yi kuka tukuna, sannan ta faɗi komai. Likitar ta daɗe tana dubawa. Ta duba kai, zuciya, ƙoda, da yadda jini yake bin cibiya. Sannan ta kira su.

"Gwajin da aka faɗa muku gaskiya ne, ana yin sa," in ji ta. "Amma allurar tana iya fasa ruwa ta tayar da naƙuda. Shi ya sa a asibiti ake yi, ana kallon allurar a na'ura, kuma sai da yardar mai ciki. Ba a yin sa a kan benci."

"To, cutar gadon fa?" in ji Haladu.

"Tana iya sa ɗa ya ƙanƙance, ba zan ɓoye muku ba. Amma hawan jini ma yana sawa, da zazzaɓin cizon sauro, da mabiyiyar da ba ta ciyarwa sosai, da kuskuren lissafi. Yau ban ga wata alama a jikinsa ba."

"Alhamdu lillahi, ashe lafiya lau!" in ji Gumsu.

"Ban ce haka ba, Gwaggo. In ciki ya tsufa, hoto ɗaya ba ya tabbatar da watanninsa. Ku dawo bayan 'yan makonni. In ya ƙaru yadda ya kamata, madalla. In bai ƙaru ba, za mu zauna mu yi maganar gwajin."

Waɗannan makonni sun fi komai wuya. Haladu yana cikin salla sai ya ga doguwar allurar nan, ya rasa raka'a nawa ya yi. Bushira ta sha magungunan da aka ba ta, ta rinƙa tura abinci ko ba ta so. Ba ta yarda a ɗinka ko hula ɗaya ba.

Ranar komawa, ta kwanta ta rufe ido gam. Sai ta ji likitar ta yi ajiyar zuciya.

"Ya ƙaru. Daidai da lissafinki yake tafiya. Ban ga dalilin allura ba, sai in kina son gwajin don hankalinki ya kwanta."

"A bar shi," in ji Bushira. Wannan karon da ƙarfi ta faɗa.

Da damina ta kama, ta haihu a asibiti. Mace ce, 'yar ƙarama, amma kukanta har waje. Aka sa mata Jannatu.

Bayan arba'in, Gumsu ta goya jikarta, ta sa Haladu ya kai ta shagon Tukur. Ta ɗage labulen nan, ta kwance goyo a gaban matan layi.

"Ga wadda ka ce Allah kaɗai ya san abin da za a haifa. Ƙirga yatsunta. Ni na yi kuskuren lissafi, na kuma nemi gafarar uwarta. Kai fa?"

"Hajiya, ai na'ura ce…"

"Na'urar ce ta ɗauko allura?"

Mata uku suka ɗauki mayafinsu suka fice. Sauran suka zauna, don ba su san inda za su ba.

Saboda waɗanda suka zauna na rubuta wannan. Shagon yana buɗe har yau. Ina kira ga masu kula da harkar lafiya su je su tambayi Tukur takardarsa. In babu, a rufe, a karɓe allurar. Kuma ya taka har ƙauyen, gaban matan da suka yi jaje, ya janye abin da ya faɗa a kan zuriyar mutane. Ban yarda da "Allah ya kyauta" kawai ba.

Darasi: Kunya ado ce, amma a gaban likita a bar mai ciki ta yi magana da bakinta, kuma a kai ta awo tun da wuri. In an ce ɗa ya ƙanƙance, kada tsoro ya sa ku miƙa ciki ga duk mai farar riga. Ku je asibiti, ku yi tambaya, ku yi haƙuri a sake dubawa. Ku tura wannan ga surukai da magidanta, don akwai wata Bushirar da ke kwance a benci yanzu, tana jin nauyin buɗe baki.