Ranar da Shafin Nicanor Ya Durƙushe

Akwai wani mutum a birnin Arequipa mai suna Nicanor, sana'arsa haɗa wa masu shaguna shafukan intanet. Ya iya aikin, amma Allah Ya zuba masa son a yaba. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya ba ka labarin aikinsa.

Wata rana 'yarsa Milagros ta kwanta rashin lafiya. Likita ya ce sai an yi mata aiki kafin yamma, ga shi jininta irin wanda ba a cika samu ba, kuma babu shi a asibitin.

Nan take Nicanor ya haɗa shafin neman taimako. Ya zuba hotunanta, ya saka bidiyon ranar baftismarta har da kiɗa, sunansa da manyan haruffa a sama. Sunan asibitin da lambar waya kuwa, can ƙasa ya tura su.

Matarsa Eufemia ta ce, "Ka rubuta lambar kawai ka watsa mana!"

Ya ce, "Ke ba ki san aikin nan ba. Sai sun ga fuskarta zuciyarsu za ta motsa." Bai faɗa mata yana son su ga aikinsa ma ba.

Da hantsi wani babban shafin masoya ƙwallo ya ɗauki adireshin ya wallafa: ga yarinya na neman jini, ku shiga nan. Dubban mutane suka danna a lokaci guda, kowa na janyo bidiyon. Tsohuwar kwamfutar da ke ɗauke da shafin a shagon Nicanor ta yi nishi, ta sandare.

Ya kashe ya kunna. Ta ɗan farfaɗo, jama'a suka sake danne ta. A ƙarƙashin sanarwar kuwa sai tambayoyi ke zubowa: "Wane asibiti ne?" "Ya ƙi buɗewa!" Wani ma ya rubuta, "'Yan damfara ne, ku rabu da su."

Eufemia ta rubuta lambar a can, amma kafin ƙiftawar ido ɗaruruwan saƙonni sun binne ta. Masu babban shafin kuma ba su amsa saƙo ba.

Ta kira Nicanor daga asibiti. "Ka je wurin Aurelio."

Aurelio shi ne ya riƙe Milagros ranar baftisma, ya zama kamar ubanta na biyu, don haka shi da Nicanor kompadre suke kiran juna. Shi ma sana'arsu ɗaya, kuma yana da babbar na'ura mai ɗauke da shafukan otal-otal. Sai dai a wurin wani biki Nicanor ya taɓa kiran aikinsa "allon farashin mahauta" a gaban jama'a, tun daga nan ko gaisawa ba sa yi.

Nicanor ya ce, "Ki ba ni ɗan lokaci, zan gyara."

"Lokacin wa zan ba ka? Leɓen yarinyar nan ya yi fari, Nicanor! Ita za ka ceta ko sunanka?"

Duk da haka sai da ya ƙara ɓata lokaci yana kokawa da kwamfutar, gumi na ɗiga a kan madannai. Da rana ta karkata likita ya aiko cewa ba za su iya jira da yawa ba. Sai a lokacin tsoro ya kama shi sosai, ya fita da gudu ko shagon bai rufe ba.

Ya tarar da Aurelio yana cin miyar jatan lande. Ya tsaya a bakin ƙofa. "Kompadre..."

Aurelio ya ture kwanon. "Tun safe nake kiranka kana kashewa. Ba ni lambar sirrin adireshin shafin."

"Bidiyon fa, da hotunan..."

"Allon mahauta zan yi maka. Zauna ka yi shiru."

Ya mayar da adireshin kan na'urarsa, ya share komai. Farin shafi kawai ya bari: irin jinin, sunan asibiti, lambar Eufemia. Wannan karon duk wanda ya danna sai ya buɗe.

Kafin su isa asibiti an riga an shiga da wata mata ɗakin ɗibar jini, kuma jininta ya dace. Doña Felícitas ce, mai sayar da ƙanƙarar madara a bakin ƙofar asibitin.

Aka yi aikin, Milagros ta tsira da ƙyar. Da matar ta fito tana dafe da auduga a hannu, Nicanor ya tare ta yana godiya.

Ta ce, "Kai ne mai shafin? Haba ɗana! Tun hantsi nake dannawa yana ƙin buɗewa. Ashe yarinyar tana bayana, katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Nicanor ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuskarsa yana kuka.

Darasi: Idan rai na cikin haɗari, ajiye son a san ka, ka nemi taimako ko da wurin wanda ka ɓata wa ne. Girman kai yana cin lokacin da ba a iya dawo da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na jinkirta wani kira yanzu haka.