Ranar da Baba Wendell Ya Riƙe Kemis ɗin Marlys

Akwai wani dattijo a garinmu mai suna Wendell Krogstad, mai haɗa magani ne tun kafin a haifi yawancinmu. Aiki ya iya, amma girman kai kamar ya kashe shi. Ko gaisuwa da ka yake amsawa.

Da Marlys Opheim ta gama karatu ta buɗe nata kemis daidai tsallaken titi, sai ya ɗora mata karan tsana. Bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar can" yake cewa. A coci, a wurin aski, maganarsa ɗaya: "Ku jira ku gani, ba za ta ga baɗi ba."

Ashe shi ne zai riga ta rufewa.

Kun dai san kamfanonin dillalan nan da suka zauna tsakanin inshora da masu kemis. Su ke yanke abin da za a biya mai shago, su ke gaya wa majinyaci inda zai karɓi maganinsa. Sannu a hankali suka shaƙe Baba Wendell, har ya sauke allon shagonsa.

Gari ya zuba ido a ga dariyar Marlys. Ba ta yi ba.

Da masu sayen magani a wurinsa suka dawo wurinta, sai ta riƙa buga masa waya. "Baba, ga tsohuwar nan mai hawan jini, ta ce ƙwayar tana sa ta jiri. Ya kake yi da ita?" Ni na san ta san amsar. So take ya ji har yanzu ana bukatarsa. Shi kuwa sai ya yi tsaki, ya yi mata lacca mai tsawo, ya kashe waya ba sallama.

Wata rana cikin hunturu, allurar ciwon sukarin matarsa Ardis ta iso ta gidan waya, kamar yadda dillalan suka tilasta musu. Ta daskare a akwatin ƙofar gida, ta lalace. Ardis ce ta kira Marlys a ɓoye, don shi da ya roƙi yarinyar can gara ya haɗiye harshensa. Marlys ta tuƙa mota cikin dusar ƙanƙara ta kai musu sabuwa. Shi ya buɗe ƙofa. Ta miƙa masa, ta ce, "A gaida Mama," ta juya. Ba wanda ya ji zancen daga bakinta.

Bayan rasuwar Ardis, ya ƙara shiga ɗaki. Abu ɗaya bai bari ba: sabunta lasisinsa. Mutane na ta yi masa tsiya, ba shago ba ciniki, lasisin me?

To, bana aka kawo ƙudiri gaban majalisar jiharmu. Zai taka wa dillalan birki, ya kuma ba masu kemis damar duba ciwon maƙogwaro da mura su ba da magani, tunda likita mafi kusa da mu tafiya ce mai nisa. Kwamiti ya sa ranar sauraron jama'a. Marlys ta san idan ƙudirin ya mutu, shagonta ba zai kai wani hunturun ba, kuma shi kaɗai ya rage mana.

Sai dai ga cikas. Doka ta hana a ba da magani idan mai lasisi ba ya cikin shago. Babban birnin da za a yi zaman akwai nisa, ranar kuma Litinin ce, ranar da tsofaffi ke cika layi. Ta nemi wanda zai riƙe mata, ba ta samu ba. Ta ce ta haƙura, ba za ta bar mutane ba magani don ta je ta yi magana ba. Wallahi ranar ta ba ni tausayi.

Da safiyar Litinin ta zo buɗe shago, sai ta tarar da mutum tsaye a bakin ƙofa cikin farar rigar aiki, ta sha guga har tana ƙyalli.

"Kin makara," in ji Baba Wendell. "Haka kike buɗe wa mutane?"

"Baba, lafiya?"

"Ba ni makulli. Su dillalan can sun ɗauko lauyoyi, ke kina nan kina lissafin ƙwaya. Maza, kafin titi ya cika."

Ta buɗe baki za ta yi godiya, ya ɗaga hannu. "Kada ki yi mini kuka a riga."

Ana nuna zaman kai tsaye, don haka da rana muka cika shagon, aka jingina waya a kan teburin ba da magani. Da aka kira Marlys, sai ta miƙe tsaye. Ta ce, "A garinmu akwai wanda ya fi ni iya aikin nan nesa ba kusa ba. Ba rashin ƙwarewa ya rufe masa shago ba. Yanzu haka shi ke riƙe da nawa, shi ya sa kuke ganina. Idan irinsa bai tsira ba, ni wace ce?"

Baba Wendell ya juya mana baya, wai yana neman wata kwalba. Ya daɗe yana nemanta.

Kwamiti ya amince da ƙudirin, aka tura shi gaba. Da sauran tafiya, amma ya rayu.

Washegari ya kawo mata makulli, ta ƙi karɓa.

"Baba, idan dokar ta tabbata, ina ɗakin baya ina duba yara masu zazzaɓi. Wa zai tsaya a teburin ba da magani?"

Ya kalli makullin. Sannan ya mayar da shi aljihu.

"Marlys," ya ce, karon farko da aka ji sunan a bakinsa, "ƙarfe nawa kike so in zo?"

Darasi: Idan wanda ya raina ka ya faɗi, kada ka taka shi, ka rufa masa asiri ka bar masa mutuncinsa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san yana riƙe da wani a zuciya.