Likitan Da Ya Hana Lado Mutuwa

An yi wani mutum a ƙasar nan tamu ta Magariya. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga ya je inda suna ba ya amfani. Likita ne, kuma ya yi karatu, wannan babu mai musu. Abin da ya ƙware a kai shi ne ciwon nan da mutum ke aman jini, ko bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, saboda wani wuri ya fashe a ciki yana zuba.

Kun san ciwon. A da, idan ya kama mutum, sai a garzaya da shi Damagaram a ƙara masa jini, a leƙa cikin a toshe wurin. Shi wannan likita sai ya ce ya gano hanya mai sauƙi: ƙwayoyi iri biyu, ƙarin ruwa, kwana uku a kwance, babu tafiya ko'ina. Da farko niyyarsa mai kyau ce, ya 'yan uwa. Ya tausaya wa talakan da hanya ke kashewa. Shaiɗan ai ba ya shiga ta ƙofar da aka kulle.

Ya fara gwadawa a wani ƙaramin gidan likita ta wajen Dungas, ya buɗe babban kaye, wato littafin rubuta marasa lafiya. Ya ja layi biyu kawai a ƙarshen kowane suna. Ɗaya: ya rasu a nan. Ɗaya: ya fita.

To ku dubi halinmu. Wa ke barin nasa ya cika a gadon ƙarfe cikin baƙi? Da an ga ido ya fara juyawa sai a ɗaura wa jaki amalanke, a ce, "Likita, mun gode, bari mu kai shi gida." A kai shi, ya cika a ɗakinsa, a yi masa sutura kafin la'asar. Babu takarda, babu mai sanar da kowa. Shi kuwa likita sai ya ɗauki bik, wato alƙalami, ya sa alama a layi na biyu. Ya fita. Daga ya fita, sai ya zama ya warke.

Ya san abin da yake yi? Wallahi ya sani. Majon wurin, wato babban ma'aikacin jinya, wani dattijo Zakariya'u, ya taɓa ce masa, "Likita, waɗanda ke fita bisa amalanke fa, gaisuwarsu muke zuwa." Ya ce masa, "Kai aikinka allura."

Ya rubuta bincikensa, aka buga a mujallar likitoci ta ƙasar waje. Mutum ɗari da goma, ko ɗaya bai mutu ba. Aka kira shi Yamai, aka kira shi Dakar, aka tafa masa. Likitocin wasu ƙasashe suka riƙa ambaton sunansa cikin nasu rubutun, shi kuma yana ƙirga su kamar mai ƙirga damman gero. Sai masu mujallar suka ce ya ci gaba da bin waɗanda suka warke, ya riƙa ba da labarinsu duk wata shida.

Nan ƙarya ta nemi ci da sha. Duk wata shida sai ya zauna ya auna matattu. Ya ƙara wa wannan kilo biyu, ya ce jinin wancan ya hau. Mutane na kwance cikin ƙasa, shi yana ƙara musu shekaru.

Cikinsu akwai Lado, manomin gyaɗa daga wani ƙauye ta wajen Dogo-Dogo. Amininsa Habu ne ya fito da shi daga gidan likitan bisa amalanke da damina. Ruwa ya cika kwari ya tare su, Lado ya cika a hanya, wasu Fulani masu wucewa suka taya Habu binne shi. Matarsa Ƙande ta yi takaba ta gama. Bayan shekara guda Habu ya aure ta don ya riƙe marayun, ta haifa masa biyu.

Shekara biyar da haka, baƙi suka aiko cewa za su zo daga waje su ga abin al'ajabin da idonsu. Aka tura ma'aikata biyu bisa moto, wato babur, su nemo waɗanda suka warke. Suka tsaya ƙofar mai gari suka karanta: Lado, an auna shi watan jiya, kilo sittin da ɗaya. Mutane suka ce Lado ai ya daɗe da rasuwa. Aka buga wa likita waya a gaban kowa. Ko tari bai yi ba, ya ce, "Yana ci-rani ne. In ya shigo yakan biyo ta wajena."

Ya 'yan uwa, kun ji abin da kalma ɗaya ke yi? Kafin azahar gari ya ɗauka. Wa ya ga gawar? Habu kaɗai. Wa ya auri matar? Habu. Dangin Lado suka taso suka ce a raba su. Aka mai da Ƙande gidan ubanta, ana nuna 'ya'yanta biyu da baki.

Ni ta fara zuwa wurina, ni ne limamin da ya ɗaura auren. Na ce mu je wurin likitan. Muka same shi da hantsi, fanka na kaɗa masa. Ƙande ta durƙusa ta ce, "Likita, don girman Allah, in Lado na raye ka nuna mini shi. In kuma ba ka ƙara ganinsa ba tun ranar amalanke, ka faɗa da bakinka. Ba na neman komai. A daina kiran 'ya'yana da sunan da ake kiran su."

Na dube shi, na ga ya gane ta sarai. Jimla ɗaya ce tsakaninsa da tsira. Amma in Lado ya mutu, sauran ma sai a tono su. Ya gyara gilashinsa ya ce, "Baiwar Allah, abin da ke rubuce shi ne abin da ke rubuce."

Ta miƙe. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Ta ce, "To tunda yana zuwa wurinka, ka gaishe shi."

Daga makon nan aka fara ganin canji. Rana tsaka, benci ba kowa, sai likita ya leƙo ya ce, "Majo, wancan mai rigar shuɗin, me yake jira?" Zakariya'u ya duba ya ce babu kowa. Washegari likita ya sa aka fitar da bencin. Sai ya ce mutumin ya koma kan ma'auni ya tsaya, ƙafafunsa duk laka, allurar ma'aunin ba ta motsa ba. Ba ya magana, ba ya fushi. Jira kawai yake a auna shi.

Ban ce muku matattu na dawowa ba. Wanda ya shiga kabari ya shiga ke nan sai ranar tashi. Amma wanda ya kwashe shekara biyar yana kiran mamaci duk wata shida, me zai hana zuciyarsa ta amsa masa?

Baƙin suka iso, su huɗu, da na'urar ɗaukar hoto. Likita na tsaye yana yi musu bayani a farfajiya, sai ya dafa bango. Jini ya zubo masa ta baki, ya ɓata farar rigar har ƙasa. Ciwon da ya yi suna a kansa, shi ya zo masa har gida.

Aka kwantar da shi. Zakariya'u ya sunkuya a kunnensa ya ce, "Likita, mota na nan, mai ya cika. Ni da kai mun san gaskiyar kayen nan. Mu tafi Damagaram yanzu." Likita ya juya ya ga baƙin a bakin ƙofa, suna jiran su ga yadda mai hanya zai bi hanyarsa. Ya ce da ƙarfi yadda za su ji, "A yi mini abin da na rubuta."

Subhanallah! Mutum ya gwammace ransa ya fita da a ce ya yi ƙarya. Kwana ɗaya, kwana biyu, yana shan ƙwayoyinsa, idonsa na kan ƙofa. Majo ya ce lokaci-lokaci yakan ɗaga hannu ya ce, "Ku jira, ku bi layi." Ba mutum ɗaya yake gani ba yanzu.

Rana ta uku da hantsi ya ce a ba shi bik da takarda. Ya rubuta kalma ɗaya, hannun ya faɗi. Sai a lokacin 'yan uwansa suka ɗauke shi suka sa a mota. Ba su yi rabin hanya ba ya cika.

Zakariya'u ya buɗe kaye ya duba layukan nan biyu. Likita bai rasu a nan ba. Ya sa masa alama inda shi ya saba sa wa mutane. Ya fita.

Takardar da ya rubuta tana hannuna. "Lado." Shi ke nan. Na kai ta gaban dangi, suka ce, "Malam, Lado me? Lado ya mutu, ko Lado na nan?" Da ni da majo mun yi rantsuwa, wasu sun yarda, wasu har gobe ba su yarda ba. Ƙande ta koma ɗakinta, amma ba ta ƙara zuwa rijiya lokacin da mata ke taruwa ba.

Ya 'yan uwa, an koya mana cewa ilimi mai amfani yana bin mai shi da lada har cikin kabari. To ƙaryar da aka sa wa rigar ilimi fa, ina za ta tsaya? Rubutun nan yana nan ana karantawa. Wataƙila yau a wani gari da ba mu taɓa jin sunansa ba, an kwantar da wani ana jiran kwana uku. Wa za a tambaya?

Kai mai bik, kai mai hatimi, kai da ake cewa "duba mana abin da ke rubuce", ka ji tsoron Allah. Tuba tana da lokaci, kuma ba kai ke riƙe da agogon ba. Shi ya samu shekara biyar da lafiyayyen hannu, ya jira sai da ya rage masa ƙarfin kalma ɗaya.

Ya Allah, kada Ka sa hannayenmu su yi shaida a kanmu. Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun harshe na motsi. Ka share wa Ƙande hawayenta. Allah ya kiyaye mu.