Sihoki da Kabewar da Ta Hau Bishiya

A zamanin da sojojin Turawa ke farautar mutanen Seminole a ƙasar Florida, suna loda su a jirgin ruwa zuwa yamma, an yi wata mata a cikinsu mai suna Sihoki, 'yar zuriyar da ake kira Tsuntsu. Gajeruwa ce, mai ƙaramar murya, amma idan ta yi magana har dattawa sukan ajiye abin da ke hannunsu.

Sau uku sojoji suna ƙone musu gonar masara. A na ukun, Sihoki ta tara mutanenta, su ashirin da ɗaya har da goyo, suka shiga kwalekwale huɗu suka nausa cikin babbar fadamar kudu, inda ruwa ke tafiya a hankali ƙarƙashin ciyawa mai yankan fata kamar zarto. Mijinta Nokosi, maharbin da ba ya dawowa hannu rabbana, shi ke tura kwalekwalen gaba da doguwar gora.

Kwana tara ba su taka ƙasa ba. Tsofaffi sun ce a rana ta goma wani tsohon kada mai ido ɗaya ya fito gabansu, ya riƙa ratsa ciyawa yana buɗe musu hanya, har ya kai su wani tsibiri mai duhun itatuwa, sannan ya nutse.

Sun samu mafaka, amma yunwa ta biyo su. Kifi kaɗai ba ya riƙe yara. Nokosi ya ɗauki gatari zai share fili.

Sihoki ta riƙe masa hannu. "Maigida, fili shi ke kiran wuta. Duk inda sojoji suka hango gona, can suke zuwa."

"To me za su ci, uwar yara? Inuwa?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ka ba ni bishiya bakwai a tsakiya. Na gefe kada ka taɓa su."

Bai fahimta ba, amma ya san matarsa. Ya yanke ɓawon bakwai ɗin a zagaye, ganyensu ya zube, rana ta sauko. Ita kuma ta binne 'ya'yan kabewa a gindinsu. Yaɗo ya kama kututture ya yi sama. Kafin wata huɗu, kabewa ta rataye a rassa, ruwa bai kai ta ba, ido daga nesa bai ganta ba.

Wata safiya sojoji suka zo har bakin tsibirin. Mata suka rufe bakin jarirai da tafin hannu, Nokosi ya kwanta da bindiga a cikin saiwoyi. Sojojin suka duba, suka ga kurmi kawai, suka juya.

Ranar aka dafa kabewar farko. Nokosi ya kai wa matarsa ƙoƙo da hannunsa, yana mata kirari: "Sihoki mai noma a sama! Uwar da ta ɓoye gona a idon rana!"

Ta ce, "Zauna ka ci, tsoho, kafin yara su cinye."

Babu ko ɗaya cikinsu da ya hau jirgin yamma. Sihoki ta tsufa a nan, ta ga jikokin jikokinta. Masu ba da labarin sun ce har yau zuriyarta na kiran wurin Tsibirin Kabewa Mai Lilo, kuma idan kabewa ta nuna, namiji ba ya tsinkar ta farko. Sai an kira mace mafi tsufa a gidan, ta ɗaga sanda, ta sauko da ita.